Marrakesh da Sahara a Mako Guda: Amsa ga Mai Shirin Zuwa Maroko

Tambayar ta zo daga wani ɗan'uwa a Kano. Shi da maiɗakinsa sun sami hutun mako guda a watan Disamba, suna son ganin Marrakesh, su kwana a sahara, in da hali su biya ta Fas su yi ziyara. Wani ya ce musu daga Marrakesh ana zuwa sahara da safe a dawo da yamma. Yana so ya san ko haka ne, da kuma abin da ya kamata su shirya.

Malam, wanda ya gaya maka haka bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, amma ba saharar da kake gani a hoto yake nufi ba. Wurin da ake zuwa a dawo a wuni ɗaya sunansa Agafai, bai fi kilomita 40 daga gari ba, kuma fili ne na tsakuwa da busassun tuddai, babu tudun yashi ko ɗaya. An kafa tantuna masu kyau, akwai raƙuma da abincin dare, shi ke nan. Na biyu shi ne Zagora, wanda ake sayarwa a matsayin tafiyar kwana ɗaya. Awa shida zuwa bakwai ne a mota, yashin da ke kusa da garin kuma ƙanana ne, sai ka wuce Mahamid ka ƙara doguwar tafiya a motar jeji kafin ka tarar da manyan tuddan Irg Shigaga. Jan yashin nan mai tsayi da kowa ke ɗauko hotonsa shi ne Irg Shabbi, a bakin ƙauyen Marzuga, kusa da iyakar Aljeriya. Daga Marrakesh zuwa can wajen kilomita 560 ne, kusan Kano zuwa Maiduguri, sai dai a nan akwai tsaunukan Atlas a tsakani. Ko direba bai tsaya ba, awa tara zuwa goma zai yi.

A kan wannan nisan za ka gina duk shirinka. Yawancin masu shirya tafiye-tafiye a Marrakesh suna sayar da abin da suke kira kwana uku: rana ta farko a kwana a hanya, ta biyu a kwana a sahara, ta uku a juyo Marrakesh a zama ɗaya. Wannan rana ta ukun ita ce ke karya mutane, domin tun hantsi har bayan isha'i kana cikin mota a kan hanyar da ka riga ka gani. Ku da kuke da niyyar Fas, babu dalilin juyowa. Daga Marzuga zuwa Fas awa bakwai zuwa takwas ne ta wata hanya dabam, kuma kamfanoni da yawa suna da tsarin ɗauka a Marrakesh a sauke a Fas. Shi za ka nema. Lissafin sai ya zama kwana biyu a Marrakesh, ɗaya a kwarin Dadis ko Tingir, ɗaya a sahara, biyu a Fas, rana ta bakwai ku hau jirgin ƙasa zuwa Kasablanka, inda jiragen da ke yo Afirka ta Yamma galibi da dare suke tashi. Akwai matsi, amma yana yiwuwa. In za ka iya ƙara kwana ɗaya, a Marzuga za ka sa shi.

Batun takardu gajere ne. Mai fasfon Najeriya yana buƙatar biza, ana nema ta ofishin jakadancin Maroko a Abuja, kuma a nema da wuri. Tun 2022 akwai bizar intanet, amma ga waɗanda ke riƙe da bizar Amurka, Ingila ko ƙasashen Shengen mai rai, ko takardar zama a can. 'Yan Nijar sun daɗe suna shiga ba biza, sai dai ƙa'idar takan motsa, don haka kowa ya tabbatar kafin ya sayi tikiti. Royal Air Maroc yana tashi daga Legas, Abuja, Yamai da Akara zuwa Kasablanka. A wajen jami'in shige da fice, ka riƙe tikitin dawowa da shaidar masauki a buge a takarda, kada ka dogara da waya. Gaskiya ita ce baƙar fata mai fasfon yankinmu ana yi masa tambayoyi fiye da Bature, saboda yawan masu bi ta ƙasar don tsallakawa Turai. Amsa a taƙaice, takarda a hannu, sai a wuce. Haka a kan hanyar kudu, jandarmomi na iya tsayar da mota su nemi fasfo, saboda haka kada a tura shi cikin akwatin da ke but. Ku tafi da takardar aurenku, domin wasu masaukai sukan tambayi ma'aurata Musulmi. Ka sa katin allurar shawara a ciki. In kana da jirgin ɗaukar hoto maras matuƙi, bar shi a gida, kwastan na ƙwace shi a filin jirgi.

Kuɗinsu dirhami ne, dala ɗaya tana kaiwa tara zuwa goma. Ba a samunsa a wajen ƙasar, naira kuma ba wanda zai karɓa, don haka dala ko yuro za ka tafi da su, sababbin takardu marasa yagewa. A filin jirgi canja kaɗan na tasi da jirgin ƙasa, sauran a shagunan canji na cikin gari. Kada ka jingina da katin bankin gida kaɗai. Kuma kullum ka tara canji, 'yan 5, 10 da 20, domin mai tasi, mai dako da mai gadin banɗaki duk da su ake sallamarsu. Layin waya akwai Maroc Telecom, Orange da Inwi, ana saye da fasfo tun a filin jirgi. A kudu na farkon ya fi kamawa. Soket ɗinsu mai rami biyu zagayayyu ne irin na Faransa, cajar Najeriya mai ƙafa uku ba ta shiga sai da adafta.

Daga filin jirgin Kasablanka akwai jirgin ƙasa a ƙarƙashin ginin, ya kai ka tashar Casa Voyageurs, daga nan ka canja zuwa na Marrakesh, wajen awa uku. Ka sayi aji na ɗaya, bambancin kuɗin kaɗan ne.

Masauki a Marrakesh iri biyu ne. Akwai otal-otal a sabuwar unguwa, Giliz, akwai kuma riyad, wato tsofaffin gidajen cikin ganuwa masu tsakar gida da aka mayar masauki. Ni riyad nake ba da shawara, amma da sharuɗɗa. Mota ba ta shiga lungunan, tasi zai ajiye ku a ƙofar gari ko wani fili, daga nan sai ƙafa ko ɗan amalanke ya tura kaya. Ka ce wa masu gidan su aiko wanda zai tarye ku ranar farko, musamman in da dare za ku iso, domin taswirar waya tana ruɗewa a ciki. Sannan, tunda Disamba ce, ka tambaya ƙarara ko ɗakin yana da na'urar ɗumama. An gina gidajen nan ne don su riƙe sanyi a lokacin zafi, da hunturu kuwa ɗakin ƙasa yana iya fin waje sanyi. In akwai mai ciwon gwiwa, a tambayi matakala.

Tasi na cikin gari ƙanana ne masu launin ƙasa-ƙasa, mutum uku suke ɗauka, suna da mita, amma a bakin tasha da wuraren baƙi da wuya direba ya kunna. Ko dai ka ce ya kunna, ko ku gama magana kafin ka shiga. Matsawa gaba kaɗan ka tare wanda ke wucewa ya fi sauƙi.

Wuni ɗaya da rabi ne da ku a garin, don haka kada a yi ta tsere. Ku fara da masallacin Kutubiyya, ginin daular Muwahhidun na ƙarni na 12, mai hasumiyar da ta kai mita 77, wadda ita ce alamar da za ka riƙa dubawa duk lokacin da ka ɓace. A Maroko ba a barin wanda ba Musulmi ba ya shiga galibin masallatai, ku kuwa ƙofa a buɗe take, sai dai ana rufewa tsakanin salloli, don haka a je lokacin salla. Ku zauna bayan magariba ku ji karatun hizbi na jam'i da riwayar Warshu. Malikawa ne, kusan duk abin da za ka gani ka saba da shi.

Abin da masu jagoran Turawa ba za su kai ku ba shi ne kushewun waliyyai bakwai da ake kiran garin da su, Sab'atu Rijal. Biyu daga cikinsu kowane gidan malamai a ƙasar Hausa ya san su. Alƙali Iyal, mai Ashafa da ake karantawa da azumi, ya rasu a 1149, kabarinsa na kusa da ƙofar Bab Ailan. Imam Jazuli, mai Dala'ilu, yana unguwar Riyadul Arus. Akwai kuma Sidi Bil Abbas Sabti a arewacin gari, inda makafi da mabuƙata suke taruwa. Duk cikin unguwannin talakawa suke, ba tikiti, ba layi, sai ɗan abin sadaka. A ganina safiya guda a nan ta fi lambun Majorel, wanda sai an sayi tikiti ta intanet, a yi layi, a fito cikin awa ɗaya. A gine-ginen tarihi, madarasar Bin Yusuf ita ce ba a bari, sai fadar Bahiya. Fadar Badi kango ce yanzu, shamuwa ke sheƙa a kan katangunta, amma wanda ya san tarihi zai so ya tsaya a cikinta: Sarki Ahmad Mansur ne ya fara gina ta a 1578, shi ne kuma ya aika rundunar da ta karya Songhai a Tondibi a 1591, har aka kawo malamin Tumbuktu Ahmad Baba garin nan a ɗaure a 1594. Girgizar ƙasar 8 ga Satumba 2023 ta fi yin ɓarna a ƙauyukan kan dutse, cikin gari kuwa harkoki sun koma, ko da yake za ka ga inda aka tokare bango da katako.

Dandalin Jami'ul Fana da yamma ake zuwa. Masu ganga, masu tatsuniya, masu wasa da maciji da biri, da rumfunan abinci masu lamba da ake kafawa kullum da la'asar a kwashe da dare. Dokar wurin ɗaya ce: duk abin da ka ɗauka hoto, ko aka ɗora maka a kafaɗa, ko aka zana maka a hannu, kuɗi ne. Hajiya ta kula da masu lalle, sukan kama hannu su fara zane kafin a ce uffan, kuma baƙin lallen nan mai haɗin sinadari yana ƙona fata. A lungu, saurayi zai ce maka hanyar nan a rufe take, ko yau ce ranar ƙarshe ta kasuwar majema, biyo ni. Ƙarshenta shagon ɗan'uwansa ne da neman lada. Ka ce "la, shukran" kana tafiya, kada ka tsaya bayani. In ka ɓata, tambayi mai shago da ke zaune, shi ba zai bar kayansa ya bi ka ba. Jagora na gaskiya yana da katin hukuma a wuya, masaukinku zai samo muku. In ka ji an ce "balak" a bayanka, ka manne da bango, babur ne ko jaki.

Ciniki ba sai na koya wa Bakano ba. Abin da zan ƙara shi ne ka fara leƙa Ensemble Artisanal, kasuwar sana'o'in hannu ta hukuma da ke kusa da Kutubiyya, inda farashi a rubuce yake. In ka ga kuɗin jallabiya, takalmin balga ko butar shayi a can, ka san inda za ka tsaya a cikin kasuwa. Kada ka taya abin da ba ka da niyyar saye. Da Larabcin makaranta za a fahimce ka, amma amsar da za a ba ka da Darija, Larabcin gida na Maroko, ba lalle ka kama ba. Faransanci ya fi aiki, wanda ya sa 'yan'uwanmu na Nijar suka fi mu sakewa a can.

Abinci halal ne, ba fargaba, matsalarsa ɗaya ba yaji. Ku tafi da naku a ƙaramar roba. Ku nemi tanjiya, abincin Marrakesh na asali: nama ne ake zubawa a tulun ƙasa da kamun, man shanu da lemon tsami da aka jiƙa a gishiri, a rufe baki da takarda, a kai wa mai hura wutar gidan wanka ya binne a toka tun safe. In aka juye, naman da burodi kaɗai ake yagarsa. Kuskus ranar Juma'a ne. Ruwa na roba za ku sha.

Yanzu hanya. Akwai motar haɗaka mai ɗaukar mutum goma sha wani abu, akwai ta ƙashin kai da direbanku, akwai kuma bas ɗin Supratours da ke zuwa Marzuga kai tsaye a wajen awa 12. Mafi arha a motocin haɗaka ba arha ba ce. Abin da aka rage maka a farashi ana fanshe shi a kamasho: a tsaya a shagon man argan, a tsaya a na darduma, abincin rana a inda direba ya zaɓa da farashin da ba naka ba. Kafin ka biya, ka sa a rubuto maka ta WhatsApp sunan otal ɗin daren farko, sunan sansanin sahara, ko tantin na ku biyu ne kaɗai, ko banɗaki na ciki ne, ko raƙumi da abincin dare suna cikin kuɗin, da inda za a sauke ku a Fas. Mai iyali, in aljihu zai ɗauka, motar ƙashin kai ta fi. Kuna tsayawa salla inda kuka so, kuna ƙetare shagunan. In haɗaka ce, gaya wa direba tun safe, kusan dukkansu Musulmi ne, ga kuma sauƙin kasaru da haɗa salla.

Awanni biyun farko hawa ne zuwa mashigar Tizi Ntishka, sama da mita 2,200. An faɗaɗa titin, amma kwana ce bayan kwana, mai jiri a mota ya sha magani tun kafin a tashi, ya zauna gaba. A Disamba dusar ƙanƙara takan rufe mashigar na wasu awanni, shi ya sa ban son a matse jadawali har ba wurin numfashi. Bayan an gangara sai Ait Bin Haddu, tsohon birnin jar ƙasa a kan hanyar ayari, wanda UNESCO ta sa a jerinta a 1987, sai Warzazat, sai kwarin Dadis. Washegari kwazazzabon Tudga, inda duwatsu suka miƙe dama da hagu, rafi na bi ta tsakiya. A Tingir, Arfud ko Risani ka ciri kuɗin da zai ishe ka, kada ka sa rai da na'urar cirar kuɗi ta Marzuga. Risani ta cancanci tsayawa: a gefenta kangon Sijilmasa yake, tashar da ayarin zinariya da gishiri ke tashi a da zuwa ƙasashen Sudan, wato Afirka ta Yamma, kuma kasuwarta na ci Lahadi, Talata da Alhamis. Dabinon yankin, musamman majhul, a nan ya fi kyau da sauƙi.

Ana hawa raƙumi da la'asar sakaliya don a riski faɗuwar rana a kan tudu, don haka ka matsa wa direba a iso da wuri, ranakun Disamba gajeru ne. Manyan akwatuna a mota ko otal ake bari, jaka ƙarama kawai za ku ɗauka. Raƙumi da ƙafafun baya yake fara tashi, sai ka ji an wurgo ka gaba. Riƙe ƙarfen sirdi da hannu biyu, ka jingina baya. Awa guda a kansa ta isa kowa. Hajiya ta sa wando mai kauri a ƙarƙashin abaya, in kuma tana da juna biyu ko ciwon baya, a ce a kai ta da mota, duk sansanoni suna da wannan. Tuddan sun kai mita 150 a wasu wurare, hawa da ƙafa yana cin numfashi, a bi ta kan ƙirjin tudun inda yashi ya fi tauri. Wanda ya san Tenere ta Agadas zai ga Irg Shabbi ƙarama ce, tsawonta bai kai kilomita 30 ba, kuma yawancin sansanonin a gefenta suke, wani lokaci har kana jin ƙarar babura masu ƙafa huɗu. Abin da take da shi shi ne sauƙin isa da kwanciyar hankali.

Sanyin dare shi ne abin da mutanenmu suka fi rainawa. Da rana za ka ji daɗi da riga ɗaya, rana na faɗuwa sai ya sauko, kafin asuba yana iya kusan sifili. Tanti ba ya riƙe ɗumi. Ku tafi da rigar sanyi mai nauyi, hular sanyi, safar hannu da ta ƙafa, da dogon wando na ciki, ku kuma nemi ƙarin bargo tun kafin a kwanta. Ruwan alwalar asuba kamar ƙanƙara yake, ka roƙi masu kicin su ɗumama maka a buta tun dare ka zuba a fulas. Rawani ko mayafi yana tare yashi in iska ta taso, man kaɗanya na maganin tsagewar leɓe da dunduniya. Wutar sansani ta hasken rana ce, takan ɗauke, don haka a zo da fawa-bank da tocila. Waya a sa ta a leda mai zif, yashin yana shiga ramin caji. Da safe a zazzage takalmi kafin a sa, ko da yake kunama ta fi fitowa da zafi. Kada kowa ya yi nisa da tanti shi kaɗai da dare, tuddan duk kamarsu ɗaya a duhu. A Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe takwas, domin tun 2018 agogonsu ya zo ɗaya da namu, in ban da watan azumi da suke mayar da shi baya da awa guda.

In kun sami ƙarin kwanan nan da na ce, ku je Khamliya, 'yan kilomitoci kudu da Marzuga, ƙauyen baƙaƙen fata ne jikokin waɗanda aka kawo daga kudancin sahara, suna kiɗan Ginawa da ganguna da ƙarafan hannu. Wanda ya taɓa jin kiɗan garaya zai tsaya ya saurara da kyau. Masu niyyar zuwa a Yuli ko Agusta kuwa su sake tunani, zafi yana haura 45, sansanoni da yawa suna rufewa, sai 'yan ƙasar da ke zuwa a binne su cikin yashi don maganin sanyin ƙashi. Maris zuwa Mayu da Oktoba zuwa Nuwamba su ne lokutan da suka fi daɗi, sai dai na farkon yana da guguwar yashi.

Hanyar Fas tana bi ta kwarin Ziz mai dabino, Rashidiyya, Midalt, dajin Azru mai birai, da Ifran, inda za ku iya tarar da ƙanƙara a bakin titi, don haka kada a cusa rigunan sanyi a ƙasan akwati. A Fas, zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a 1815, tana cikin tsohon gari a unguwar Bilida, tafiyar 'yan mintuna daga masallacin Ƙarawiyyin, kuma a bakin ƙofarta ba za ka rasa mai jin Hausa ko Wolof ba. In kwanakinku sun haɗa da Juma'a, ku daidaita ta faɗo a nan saboda zikirin yamma, amma ku yi sayayya tun Alhamis, shagunan tsohon gari da yawa ba sa buɗewa ranar. Jirgin ƙasa daga Fas zuwa Kasablanka wajen awa huɗu ne, ga canji zuwa na filin jirgi, don haka a sayi tikiti tun jajibiri, a bar tazara mai yawa. Dirhamin da ya rage a canja shi a filin jirgi kafin a wuce jami'an fasfo, kuma ka adana rasit ɗin canjin farko, ana iya tambayarsa.